Tsohon Zanen Uwa, Sabuwar Rigar Ɗa

Akwai wani abu game da tsufan zane wanda sai mai natsuwa yake lura da shi: zane ba ya mutuwa gaba ɗaya. A ɗauko atamfar da mace ta daɗe tana ɗaurawa, a shimfiɗa ta a kan tabarma, a bi ta da ido daga wannan baki zuwa wancan. Tsakiyarta, inda ake zama, ta yi shara-shara. Bakin sama, inda ake naɗewa a soke a ƙugu ko a ƙirji, ya saki har ya fara tsattsagewa. Bakin ƙasa ya sha ƙura da laka da ruwan wanke-wanke, kalmasarsa tana zubar da zare. Amma gefen da ke shigewa ciki in an ɗaura, wanda rana ba ta gani, tabarma ba ta goga, yana nan da ƙarfinsa, furanninsa ba su koɗe ba. Zare ɗaya, rini ɗaya, masaƙa ɗaya, shekaru ɗaya, sai ga wani yanki ya ƙare, wani bai ko fara gajiya ba.

Haka abin yake ga sauran kayan ɗaki. Zanen gado daga tsakiya yake fara ci, inda nauyin mai barci ke sauka kowane dare, gefunan da ake cusawa ƙarƙashin katifa kuwa sai su yi shekaru ba abin da ya same su. Labulen ƙofa yana mutuwa ta inda hannu ke kamawa a ɗaga, da ta fuskar da ke kallon rana. Babbar rigar maigida takan gaji a wuya, da kafaɗa inda ake naɗe hannuwa, da bakin aljihu, bayanta kuwa lafiya lau, alhali cikakken ɗinki na riga da 'yar ciki da wando yakan ci yadi goma na shadda. Kowace tufa ta inda ta ɗauki nauyi take mutuwa. Wanda ya iya karanta ta zai gaya maka yadda mai ita yake zama da irin aikin da yake yi.

A Zauro, garin da ke bakin fadamar Rima tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, wannan karatu tsohon ilimi ne a hannun mata. Gari ne na manoman shinkafa, kuɗin da zai shigo gida yana da masu jiransa tun bai iso ba: iri, taki, maganin ciyawa, man injin ban-ruwa a noman rani, sannan cefane da makaranta da asibiti. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, turmin atamfa ya zama abin da sai an yi shawara kafin a taya. Yara kuwa ba sa jiran kasuwa ta sauka. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kafin ya cika wata shida, ya ninka shi sau uku a shekara guda, ya ƙara kusan santimita 25 a tsawo. Rigar da aka sa masa ranar suna da wuya ta kai shi koyon zama.

Ga wani daidaito mai ban mamaki a nan. Babba yakan kashe tufarsa bai fi ƙarfinta ba, yaro kuma yakan fi ƙarfin tufarsa bai kashe ta ba. Tufar babba in ta tsufa, abin da take ragewa mai kyau kaɗan ne, yadi ɗaya ko ɗaya da rabi, ƙarfin da ya saura masa ma na ɗan lokaci ne. Jikin yaro kuma abu kaɗan yake nema, na ɗan lokaci kaɗan, kafin ya wuce wurin. Sai ragowar wannan ta zo daidai da buƙatar wancan, ba daɗi ba ragi. Wanda ya tsara girman yaro da tsufan auduga bai bar komai kara zube ba.

Aikin da wanki yake farawa. A wanke zanen da sabulu, a shanya ya bushe ƙarau, a bi shi da dutsen guga, domin yamutsattsen zane yana ɓoye aibinsa. Daga nan sai a fito tsakar gida da hantsi, a ɗaga shi sama tsakanin ido da rana. Inda zare ya ci, haske zai ɓullo ta nan, ƙananan hujin da ba a gani a cikin ɗaki duk za su fito fili. Inda saƙa ke da sauran rai, rana ba ta wucewa. A gidan da ke da tsohuwa, a nan ake jin irin wannan magana:

"Inna, wanga zane ai ya mutu. A bar shi na goge-goge."

"Ɗaga shi sama dai, ɗiyata. Inda kinka ga rana ta kasa wucewa, nan rigar ɗanki take."

Bayan ido sai yatsa. A kama wurin da ake shakka tsakanin manyan yatsu biyu, a ja a hankali. Matacce zai saki da 'yar ƙara, mai rai zai turje. Duk inda ya ci jarrabawa sai a zagaye shi da alli ko guntun sabulu. Wani lokaci zanen da aka raina ya ba da fili mai faɗi, wani kuma mai ƙyalli a ido a tarar ba shi da tafin hannu guda na kirki.

Akwai kuma gwajin wuta, don ba duk abin da ake kira atamfa ne auduga ba. A zaro zare ɗaya a kusanta shi da ashana. Auduga takan kama nan da nan, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Yadin roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri. Ga yaron da ke rarrafe kusa da murhu wannan bambanci babba ne, domin yadin da ke narkewa yana liƙe wa fata. Sai kuma aibin da rana ba ta nunawa, yatsa ba ya ji, wuta ba ta faɗa. Rigar da maigida ke sawa in zai yi feshi a fadama, da zanen da aka taɓa ƙulle taki a ciki, da gidan sauro mai magani, komai ƙarfinsu ba su dace da jikin jariri ba. Dole mai ɗinki ta san tarihin yadin, ta san inda ya shiga da abin da ya sha.

In riga ce ko wando, sai an warware ɗinkin kafin almakashi ya shiga. Aiki ne na reza da haƙuri, zare bayan zare. Mai gaggawa takan fizge, ɓaraka ta kwasa ta ci har wurin da ake so. A cikin ninkin da aka buɗe ne ake ganin asalin launin yadin, siririn layi da bai taɓa ganin rana ba tun ranar da tela ya danne shi. Har mai zanen takan tsaya tana kallo, ta ce ashe haka yake ranar da aka buɗe lefe.

Wajen awo, wata tana da tef, wata taƙi da kamu sun ishe ta, wata kuma tsohuwar rigar yaron take shimfiɗawa a kai ta zagaye da alli. Ƙa'idoji biyu ne ba a ƙetarewa. Ta farko, a bi tsawon zare, don yadin da aka yanka a karkace yakan murɗe bayan wanki, rigar ta riƙa juyawa gefe guda. Ta biyu, a bar rara: a ƙara faɗin jiki kaɗan, a yi kalmasa mai zurfi wadda za a sauke in yaron ya miƙe. Furen atamfa kuma don jikin babba aka zana shi, sai an jujjuya an gwada kafin ya zauna daidai a ɗan ƙaramin ƙirji. Mai yankan ba abin da ranta ke so take yankawa ba, tana bin abin da yadin ya yarda da shi. In filin bai isa doguwar riga ba, a yi 'yar shara da wando. In hannu ya gagara, a nemo wani ƙyalle mai dacewa a haɗa, sau da yawa ma haɗin ya fi kyau.

Ɗinkin kansa, ko da keken Butterfly ko Singer ne, ko da allura da zare, yana da nasa kula. A ninke bakin yadi ciki don kada ya goge fata. Rigar jariri ba a sa mata maɓalli, don komai ya kama baki yake kai wa, sai dai a yi mata 'yan igiyoyi. Wando a yi masa ƙubaka a zura zariya ko roba. A hammata da hantsa kuma a maimaita ɗinki sau biyu, don nan ne wasa ke ja.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, ga fatar jariri tsohon yadi ya fi sabo. Sabuwar atamfa tana zuwa da tauri da sitaci, wata tana zuba, wata tana tsukewa a wankin farko. Tsohuwa ta gama duk wannan. Abin da za ta zubar ta zubar, inda za ta tsuke ta tsuke, sabulu da ruwa da rana sun yi ta bugunta har ta yi laushin da kuɗi ba ya saye. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, irin wannan auduga ce ke shan gumi, iska ta ratsa, yaro ya huta da ƙurajen zafi. In hunturu ya sauka da sanyin fadama, gefen tsohon bargo ko gwado a ninka biyu ya zama rigar sanyi.

Abin da almakashi ya zubar ma ba ya tafiya a banza. Dogon ƙyalle ya zama majanyi, mai faɗi ya zama nafkin, ƙarami ya zama hula. 'Yan mitsi-mitsin a cusa a matashin kai, ko 'yan mata su kwashe su yi wa 'yar tsana kaya, ta nan ma suke fara koyon riƙe allura. Matacciyar tsakiyar kuma ta koma gammo ko tsumman sauke tukunya. Kowane yanki an ba shi aikin da zai iya.

Tsofaffi sun san wannan ne domin sun san kuɗin zare da jikinsu. Kafin masaƙun zamani, sai mace ta gurza auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari tana kaɗi dare da rana. Masaƙi ya yi wadari, ya saƙa siririyar ƙwarya, a jera ƙore a ɗinke su zane, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga. Wadda ta ga wannan doguwar hanya ba za ta jefar da yadi guda mai rai ba. Da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, aka samu wasu a Kano da Gusau da Funtuwa, yadi ya yi sauƙi, amma audugar tamu ce, masu aikin namu ne. Daga baya masaƙun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu, UNTL ta Kaduna, ta tsaya da aiki a 2007. Yau yawancin atamfar da ke fitowa daga Kantin Kwari zuwa kasuwannin Birnin Kebbi da Jega da Argungu daga Sin take. Da hannu ya yi nisa da zare, sai zubarwa ta daina ciwo.

Duniya kuwa ta yi nisa a zubarwa. Wani rahoto da Gidauniyar Ellen MacArthur ta Ingila ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa a kowace daƙiƙa ana binne ko ƙona tufafi cikin babbar mota guda, kuma abin da ake sake mayarwa sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Dilolin gwanjon da ake turo wa Afirka ba duka ake iya sayarwa ba. A kasuwar Kantamanto da ke Accra, abin da ya ƙi shiga yana ƙarewa a bola da magudanar ruwa da bakin teku. Amma duk inda mutane suka san darajar zare, dabarar matan Zauro suke komawa. Matan Bangladesh da na Bengal ta Indiya suna jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke su mayafin jarirai. Ingila ma, da yaƙi ya matsa ta ƙayyade sayen tufafi daga 1941 zuwa 1949, sai da gwamnati ta koya wa mata yadda za su fitar da kayan yara daga na manya.

Duk da haka akwai masu jin nauyin abin, suna gudun kada a ce talauci ne, ko yara su gane zanen uwar a jikin ɗan su yi masa dariya. Wanda ke wannan kunya kuma shi ne zai je ya zaɓo wa ɗansa gwanjo, tufar da wani baƙo ya gama sawa a wata ƙasa, wadda ta biyo ta Kwatano ta ƙetaro iyaka. Gwanjo yana da ranarsa, ya rufa wa mutane da yawa asiri, musamman da sanyi. Sai dai in tsohon kayan wanda ba a sani ba bai zama abin kunya ba, ina dalilin da na mahaifiya zai zama? Kuma ba wanda ya ce a hana yaro sabon ɗinkin Salla. Wannan haƙƙinsa ne in da hali. Amma Salla sau biyu take zuwa a shekara, sauran kwanakin na hawa bango ne da birgima a ƙasa. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. Bukhari kuma ya ruwaito cewa ya sa wa wata ƙaramar yarinya, Ummu Khalid, riga da hannunsa, ya yi mata addu'ar ta sa ta har ta tsufe. Mu ma in muka ga mutum da sabon kaya, fatanmu a kashe lafiya. Mutuncin tufa ke nan, a more ta har ƙarshe.

To, mai lura zai ga cewa abin da ake yanko wa yaro daga jikin manya ya wuce riga. Yaro tsirara yake zuwa ta kowace fuska, ba harshe, ba ɗabi'a, bai san wanda ake gaisarwa da wanda ake kau da kai daga gare shi ba. Duk abin da zai rufa da shi daga gida ake yanko masa. Yadda uwa ke amsa sallama, yadda uba ke magana in ransa ya ɓaci, abin da ake faɗa a kan maƙwabci bayan ya fita, yadda ake cika mudu in za a saya da yadda ake cika shi in za a sayar: yadin ke nan. Ba wanda ya taɓa sayo wa ɗansa sabon hali a kasuwa. Kowa daga nasa tsohon yake yankawa, ya sani ko bai sani ba.

Halin babba kuma ya sha ɗauri, shi ma ta inda ya ɗauki nauyi yake ci. Wanda babu ta daɗe tana goga, hannunsa yakan ƙanƙame ko bayan ya samu. Wadda ta sha wuyar zaman kishi, zargi yakan zauna mata. Wanda aka ci amanarsa yakan daina yarda da kowa. Waɗannan tabon ɗawainiya ne, sun fi cancantar tausayi da zagi. Amma tausayin tsakiyar zane bai taɓa sa an ɗinka wa jariri riga da ita ba. A gode mata da aikin da ta yi, a yanke ta, a ajiye gefe.

A nan mai ɗinki ta fi yawancinmu, don ita tana ɗaga zanenta sama ta duba. Mu kuwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Uwa ta ja ɗanta gefe ta ce kada ya shiga ɗakin abokiyar zamanta, kada ya ci abin hannunta. Uba ya gadar wa 'ya'yansa rigimar iyakar gona wadda shi ma gadonta ya yi, har a kai ga jikokin da ba su san mafarin maganar ba suna wuce juna a fadama ba sallama. Wannan ɗinki ne da ruɓaɓɓen yadi. Ranar da rayuwa ta fara jan sa zai yage, ya bar yaron a tsakiyar mutane. Mafi haɗari ma shi ne wanda ido ba ya gani: gida tsaf, magana mai daɗi, amma abin da ake ci na haram ne, ko zukata cike da hassada. Yadin yana da ƙarfi, ya dai sha guba, fatar yaro kuma ba ta da kauri. Hasken da ake ɗaga hali a gabansa ba ɓoyayye ba ne. Akwai abin da Allah da Manzonsa suka faɗa, akwai aboki mai gaya maka gaskiya ko ba daɗi, akwai kuma yaron kansa. In ka ji ɗanka ya yi ashar ka rasa inda ya samo, fara sauraron bakinka.

Ƙasar Kabi kanta ta taɓa yin irin wannan yanka. Bayan Birnin Kebbi ya faɗa hannun rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, Kabawa sun sake kafa sarautarsu a Argungu, aka shafe shekaru masu yawa na ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. Ƙasar da Zauro take a kai ita ce tsakanin ɓangarorin biyu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka tarbe shi da gagarumin su. Kamun kifi na gayya tsohon abu ne a wurin Kabawa, amma daga wannan ziyara ce bikin da ake yi a Matan Fada ya samo asali, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dattawan wancan zamani abubuwa biyu suka tarar a akwati, tsohuwar gaba da tsohuwar sana'ar ruwa, suka zaɓi wadda za su yanka wa 'ya'ya. Yau jikokin Kabawa da na Gwandu jiha ɗaya suke, aji ɗaya, kasuwa ɗaya, ga auratayya. Da ɗaya yadin aka zaɓa, da yau wani labari ake yi.

Akwai kuma abin lura a laushin tsohon yadi. Kaka a gida ta sha wanki da shanya na duniya. Abin da za ta zubar ta zubar, zafin kai ya tafi, shi ya sa jikoki suka fi sakewa a ɗakinta, kukan da ya gagari uwa ita take lallashi. Da tsohuwar zuma ake magani. Gidan da ya mayar da tsofaffinsa gefe don ƙafarsu ta mutu ko idonsu ya yi rauni, tsakiyar kawai ya kalla. Haka ma mutumin da ya yi wani kuskure gari ya yanke masa hukunci a kai: sau da yawa wuri ɗaya ne ya ci, sauran yana nan, yana jiran wanda zai yi haƙurin warware ɗinki da reza maimakon fizga.

Saura maganar awo. Ba a ɗaukar babbar riga sukutum a rataya wa yaro don ta gado ce, taka ta zai yi ya faɗi. Sai an yanka daidai jikinsa. Gaskiya da kunya da riƙon amana da girmama na gaba su ne yadin, dole su wuce daga uba zuwa ɗa, amma ɗinkin na zamanin ɗan ne. Ɗan masunci yana iya zama likita, 'yar manomi tana iya zama malama, matuƙar saƙar ba ta canza ba. Wasu iyaye sukan yanka wa yaro rayuwa cif-cif daidai tsawonsa na yau, ko daidai tsawon da su suka tsaya, ba kalmasar da za a sauke. In ya girma sai ɗayan biyu, ko rigar ta shaƙe shi ko ya tuɓe ta gaba ɗaya ya yar, har da abin kirkin da ke ciki. Mai hikima yana barin rara: yana jin tambayar yaro, yana ba shi filin gwadawa, yana sauke kalmasa kaɗan-kaɗan gwargwadon miƙewarsa, yana kuma maimaita ɗinki a wuraren da ya san duniya za ta ja.

Saboda haka, uwargida, kafin ki tafi kasuwa buɗe akwatinki, kayan yaranki na wata shida suna iya kasancewa a ciki, ki kuma zaunar da 'yarki kusa ta ga yadda ake riƙe almakashi. Maigida, rigar da ka daina sawa kada ka bar wa asu da gara. Sannan ku duka biyun ku yi wa halinku binciken da ake yi wa yadi: abin da ya ruɓe a yanke shi ya tsaya a kanku, mai kyau a miƙa shi gaba. 'Ya'ya ba su da zaɓi a kan abin da aka sa musu, iyaye ne ke da shi, kuma su za a tambaya. Allah ya ba mu ikon tantancewa, ya shirya mana zuri'a.